Shin sukar da ake yi wa Alexander Ovechkin saboda wasansa ne, ko halinsa, ko don shi ɗan Rasha ne?

Wani ɗan'uwa da ya zo karatu Kanada ya aiko da tambaya. Ya ce ya lura duk inda aka ambaci sunan Alexander Ovechkin, ɗan wasan ƙwallon gora ta kan ƙanƙara, a cikin abokan karatunsa sai gardama ta kaure. Wasu su ce ba a taɓa yin mai cin ƙwallo irinsa ba, wasu su ce malalaci ne mai son kansa, wasu kuma su ce ko sunansa ba sa son ji saboda Putin. Yana so ya san wa ke da gaskiya, kuma ko ƙiyayyar 'yan Rasha ce kawai ta kawo duk wannan.

Ɗan'uwa, abin da ya rikita ka shi ne magana uku ce ake cusa maka a buhu ɗaya. Akwai maganar abin da mutumin ya yi a fili, akwai maganar ƙasar da ya fito, akwai kuma maganar abin da ya zaɓa ya yi da sunansa a wajen fili. Na daɗe ina bin gasar NHL, kuma a ganina ta farko an riga an gama ta, ta biyu tun asali bai kamata ta shiga ma'auni ba, ta uku ce kaɗai take da nauyin da ya cancanci a zauna a kai.

Ga wanda bai saba da wasan ba, ƙwallon gora ce da ake bugawa a kan ƙanƙara, mutum 6 a kowane ɓangare har da mai tsaron raga. Ƙwallon kuwa ɗan faifan baƙar roba ne mai tauri, bai kai tafin hannu ba. NHL ita ce babbar gasar duniya, ta ƙungiyoyin Amurka da Kanada. An haifi Ovechkin a Mosko ranar 17 ga Satumba 1985, a gidan 'yan wasa. Mahaifiyarsa Tatyana ta ci zinare sau biyu a ƙwallon kwando a gasar Olamfik, a 1976 da 1980, da tutar Tarayyar Sobiyet. Ya taso a ƙungiyar Dynamo ta Mosko, ƙungiyar Washington Capitals ta ɗauke shi a matsayin zaɓi na farko a 2004, kuma tun da ya fara buga mata a 2005 bai taɓa sanya rigar wata ƙungiya a NHL ba.

Maganar wasa ba ta da wahala. A kakarsa ta farko ya ci 52. A kakar 2007 zuwa 2008 ya ci 65. Sau 9 yana karɓar kyautar wanda ya fi kowa cin ƙwallo a kaka, sau 3 kuma aka zaɓe shi gwarzon gasar, a 2008 da 2009 da 2013. Wayne Gretzky, wanda 'yan Kanada ke ɗauka tamkar sarkin wasan, ya yi ritaya a 1999 da ƙwallo 894, kuma shekara da shekaru mutane sun sakankance babu mai taɓa wannan adadi. Ranar 6 ga Afrilu 2025, a gidan New York Islanders, Ovechkin ya ci ta 895. Abin da ya ƙara wa ranar armashi shi ne wasansa na 1,487 ke nan, daidai da adadin wasannin kaka da Gretzky ya buga a NHL. Yana da shekara 39 a lokacin, kuma a watan Nuwamba na wannan kakar ya karye a ƙafa, ya rasa wasa 16, ya dawo ya ƙarasa kakar da ƙwallo 44.

Masu rage masa daraja suna da hujjoji biyu da nake girmamawa. Ta farko, Gretzky ba cin ƙwallo ne babban aikinsa ba. Ƙwallayen da ya miƙa wa abokansa suka ci sun kai 1,963, ta yadda ko bai ci ko ɗaya da kansa ba, da wannan kaɗai sai ya zama na ɗaya a yawan maki, wato jimillar ƙwallayen da mutum ya ci da waɗanda ya miƙa aka ci, a lokacin da ya ajiye wasa. Saboda haka wanda ya ce Ovechkin ya fi Gretzky iya wasan gaba ɗaya ya yi zuzutawa. Ta biyu, akwai shekarun da Ovechkin ya yi sakaci da tsaron baya. A kakar 2013 zuwa 2014 ya ci 51, amma a lissafin da ke auna ƙwallayen da ƙungiya ta ci da waɗanda aka ci ta yayin da ɗan wasa ke cikin fili, ya ƙare da giɓin 35. Na kalli wasannin wannan kakar, kuma gaskiya ne akan ga an ƙwace ƙwallo an juya, shi kuwa yana sulalowa a baya kamar ba shi aka wuce ba. Wannan suka ce ta gaskiya, kuma da idon kowa aka gani.

Sai dai a ɗora ɗayan gefen ma. A farkon shekarun 1980, lokacin da Gretzky ya ci 92 a kaka ɗaya, akan ci kusan ƙwallo 8 a kowane wasa idan an haɗa ɓangarorin biyu. A mafi yawan shekarun Ovechkin abin bai kai 6 ba, domin masu tsaron raga sun ƙara girma, kayan kariyarsu sun faɗaɗa, sun kuma koyi durƙusawa su toshe ƙasan raga. Ga kuma wasannin da rikicin albashi ya cinye: kakar 2004 zuwa 2005 an soke ta ɗungurungum, ta 2012 zuwa 2013 wasa 48 kawai aka buga maimakon 82, sannan annobar korona ta gutsure wasu kakanni biyu.

Akwai abin da adadi ba zai nuna maka ba sai ka zauna a filin. Idan aka kori ɗan wasan abokan hamayya na minti 2, Capitals ta fi su yawa, sai ka ga Ovechkin ya sulale ya je da'irar da ke hannun hagu, wurin da magoya baya ke kira ofishinsa. Ya tsaya cak, gorarsa a ɗage, kamar mai jiran mota a bakin titi. Kowa a filin ya san abin da za a yi. Mai tsaron raga ya sani, kocinsu ya zana masu shi a allo tun safe. Abokansa su yi ta zagayawa da ƙwallo a ɗaya gefen har masu tsaro su karkata, sai a gilma masa ita, shi kuma ba ya tsayar da ita, kafin ta iso ya riga ya saki hannu. Ƙarar da ƙwallon ke yi a jikin gora kake fara ji, kafin idonka ya kai raga fitilar ja mai nuna an ci ƙwallo ta kama. Kusan shekara 20 yana yin abu ɗaya daga wuri ɗaya, an kasa samun maganinsa. Ta 895 ɗin ma daga wannan gefen ya buga ta, Tom Wilson ne ya miƙo masa, kuma wanda ke tsaron ragar, Ilya Sorokin, shi ma ɗan Rasha ne.

Maganar ƙasa kuwa ta girmi Ovechkin. A 1972 aka haɗa wasa 8 tsakanin zaratan Kanada da na Tarayyar Sobiyet. 'Yan Kanada sun shiga da tunanin za su share su ba gumi, sai ga shi an lallasa su a wasan farko a Montreal, kuma da ƙyar suka tsira a wasan ƙarshe a Mosko, da ƙwallon da Paul Henderson ya ci saura daƙiƙa 34 a tashi. Lokacin yaƙin cacar baka ne, don haka aka ɗauki abin a matsayin karo tsakanin tsarin rayuwa biyu. Daga nan wani hoto ya kafu a zukatan tsofaffin magoya baya: ɗan Kanada jarumi ne mai juriya da kunya, wanda zai buga da karyayyen haƙori bai ce uffan ba, ɗan Rasha kuwa yana da gwaninta amma ba shi da zuciya, kuɗi ya zo nema, kuma idan wasa ya yi zafi sai ya ɓace. Da 'yan Rasha suka fara shigowa NHL, irin su Alexander Mogilny da ya gudo a 1989 da Sergei Fedorov a 1990, wannan rigar suka tarar an ɗinka tana jiransu. Ko da Detroit ta ɗauki Kofin Stanley, kofin zakarun NHL, a 1997 da 'yan Rasha biyar a cikinta, maganar ba ta mutu ba. Don Cherry, wanda ya shafe gomman shekaru yana sharhi a talabijin ɗin Kanada duk daren Asabar, ya yi suna wajen muzanta 'yan wasan Turai, kuma a 2009 ya fito ya soki yadda Ovechkin ke murnar cin ƙwallo, yana nuna wa yaran Kanada cewa kada su kwaikwaye shi.

To ka duba yadda wannan rigar ba ta shiga Ovechkin ko ta ina. An ce ɗan Rasha tsoron karo yake, shi kuwa nauyinsa ya haura kilo 100, yana cikin waɗanda suka fi kowa bangazar abokin hamayya a zamaninsa, har an dakatar da shi wasa biyu a 2010 saboda ture Brian Campbell da ya yi a jikin katanga. An ce ɗan Rasha ba ya zama, shi kuwa a 2008 ya sa hannu a yarjejeniyar shekara 13 ta dala miliyan 124, ya cika ta, ya sake sabuntawa. Da aka rasa abin kamawa sai aka koma kan murnarsa: yana tsalle ya daki gilashi, yana ihu, a 2009 da ya ci ta 50 ya ajiye gorarsa a ƙasa yana yi kamar ta yi zafin da ba za ta taɓu ba. Aka ce ba shi da kunya. Aka ɗauko Sidney Crosby na Pittsburgh Penguins, ɗan Kanada mai sanyin magana wanda suka fara NHL a shekara ɗaya, aka mayar da shi ma'aunin ɗan kirki.

Abin da ya ba masu wannan magana ƙarfi shi ne rashin kofi. A 2010 Capitals ta fi kowa maki a kaka, amma Montreal ta fitar da ita a zagayen farko na wasannin neman kofi bayan Capitals tana gaba da wasa 3 da 1. Ƙungiyar Crosby ta fitar da su a 2009 da 2016 da 2017, kuma duk sau ukun ita ta je ta ɗauki kofin. A Olamfik ma haka: Kanada ta doke Rasha 7 da 3 a Vancouver a 2010, Finlan ta fitar da su a gida a Sochi a 2014. Duk lokacin da aka faɗi, bakin mutane ɗaya ne, ai ba a cin kofi da kyaftin ɗan Rasha. Amma ɗan wasan gaba, komai gwanintarsa, kusan minti 20 yake bugawa cikin 60, sauran yana zaune a benci. Ɗora wa mutum ɗaya laifin faɗuwar mutum 20 rashin adalci ne, kuma na lura ba a yi wa 'yan Kanada da dama da suka tsufa ba kofi irin wannan hukunci da sunan ƙasarsu. A 2018 Capitals ta fitar da Pittsburgh, ta doke Vegas Golden Knights a wasa 5, ta ɗauki kofinta na farko tun kafa ta a 1974. Ovechkin ya ci 15 a zagayen, aka ba shi kyautar gwarzonsa, ya zama kyaftin ɗan Rasha na farko da ya ɗaga Kofin Stanley. Mutumin bai sauya fasfo ba tsakanin 2017 da 2018, amma maganar ta ɗauke ɗif. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka cewa tun farko ba ta da tushe.

Mu da muka taso da ƙwallon ƙafa mun ga irin wannan. Ka tuna Mesut Ozil a 2018, da hotonsa da shugaban Turkiyya Erdogan ya tayar da ƙura, ya bar tawagar Jamus yana cewa idan an ci shi Bajamushe ne, idan an faɗi kuma ya koma baƙo. A can ma abu biyu aka cakuɗa: tambaya mai ma'ana a kan hoton da ya zaɓa ya ɗauka, da tsohuwar ƙyamar asalinsa da ta samu ƙofar fitowa.

Yanzu ga inda nake rabuwa da masoyan Ovechkin da ke cewa duk sukar ƙiyayyar Rasha ce. A 2014, shekarar da Rasha ta ƙwace Kirimiya kuma faɗa ya ɓarke a gabashin Yukren, ya wallafa hotonsa riƙe da allo mai saƙon da ya yi daidai da yadda gwamnatin Mosko ke fassara rikicin. A Nuwamba 2017 shi da kansa ya sanar da kafa wani gangami mai suna Putin Team, gabanin zaɓen shugaban ƙasa na 2018. Hoton da ke fuskar shafinsa na Instagram shi ne da Putin. Da Rasha ta afka wa Yukren a Fabrairu 2022, 'yan jarida suka tare shi, ya roƙi a daina yaƙi, ya ce shi ɗan wasa ne ba ɗan siyasa ba, amma da aka tambaye shi game da Putin ya ce shugabansa ne. Hoton kuma bai cire ba.

Wannan ba fasfo ba ne, aiki ne da mutum ya yi da hannunsa. Wanda ya tsaya a bainar jama'a ya kafa gangamin goyon bayan shugaba a lokacin da babu mai tilasta masa, ba zai dawo daga baya ya ce shi ba ruwansa da siyasa a yarda da shi gaba ɗaya ba. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa.

Ina da maƙwabci dattijo, iyayensa daga Yukren suka yi hijira. Shekaru muna kallon wasa tare a falonsa, kuma yana da rigar Ovechkin mai lamba 8 da yake sawa duk da ba ƙungiyarsa ba ce, don kawai yana son ganin bugun mutumin. A watan Maris 2022 na shiga wurinsa na tarar ya naɗe rigar ya sa a leda a bakin ƙofa, tare da kayan da zai bayar. Wayarsa na kan tebur, a buɗe, yana jiran saƙo daga 'yar ƙanwarsa da ke birnin Kharkiv na Yukren. Bai zagi Rashawa ba, domin likitansa ma ɗan Rasha ne kuma suna mutunci. Abin da ya ce mini kawai shi ne ba zai iya tafa wa mutumin da ke murmushi kusa da wanda ke jefa wa danginsa bam ba. Ban sami abin ce masa ba, kuma har yau ban ga laifinsa ba. Kanada na da mutane sama da miliyan ɗaya masu asalin Yukren, da yawansu a yammacin ƙasar, shi ya sa da Capitals ta je Edmonton a wannan watan aka yi ta yi wa Ovechkin ihu duk sanda ya taɓa ƙwallo. Wataƙila wasu daga cikin abokan karatunka daga irin waɗannan gidaje suka fito, don haka ka saurare su da kyau kafin ka yanke masu hukunci. Dominik Hasek, shahararren mai tsaron raga ɗan ƙasar Cek, ya fi kowa zafi a wannan, har yana kira da NHL ta dakatar da 'yan wasan Rasha gaba ɗaya. A nan ban bi shi ba, domin ya sake mayar da maganar kan ƙasa, ya haɗa wanda ya yi da wanda bai yi ba.

Masu kare Ovechkin su ma suna da abin faɗa da bai kamata a yi watsi da shi ba. Lokacin da yaƙin ya fara, matarsa da 'ya'yansa da iyayensa suna Rasha. A Maris 2022 aka kafa dokar da za ta iya kai mutum ɗaurin shekara 15 kan abin da gwamnati ta kira labarin ƙarya game da soja. Artemi Panarin, ɗan Rasha da a lokacin yake buga wa New York Rangers, ya taɓa sukar Putin a fili, ya nuna goyon baya ga ɗan adawa Alexei Navalny a farkon 2021, ba a jima ba wani tsohon kocinsa ya fito a Rasha da zargi mai muni a kansa, wanda ya musanta, har sai da ya ajiye wasa na ɗan lokaci. Ivan Fedotov, mai tsaron raga da ya sa hannu zai koma Philadelphia, an tsare shi a Yuli 2022 aka tura shi aikin soja. Duk ɗan wasan Rasha ya ga waɗannan. Mai zaune lafiya a Toronto yana cewa don me bai fito ya la'anci Putin ba, yana neman mutum ya yi jarumta da wuyan iyalinsa. Saboda haka shirun da ya yi bayan 2022 ina iya yi masa uzuri. Abin da ba na iya yi wa uzuri shi ne na 2017, lokacin da shiru ba zai jawo masa komai ba, kuma ɗimbin 'yan wasan Rasha shirun suka yi.

Halin mutum kuma ba fuska ɗaya gare shi ba. Waɗanda suka yi wasa da shi, Amurkawa da 'yan Kanada da 'yan Suwidin irin su Nicklas Backstrom da ya shafe shekaru yana miƙa masa ƙwallo, shaidarsu a kansa mai kyau ce, kuma tun a 2010 aka naɗa shi kyaftin. An san shi da hidimar yara masu buƙata ta musamman da ke buga wasan a yankin Washington. Yayansa Sergei, wanda ke kai shi filin atisaye, ya rasu lokacin Ovechkin yana ɗan shekara 10, kuma sunan da ya sa wa ɗansa na fari ke nan. Duk wannan gaskiya ne, kuma bai goge hoton da ke shafinsa ba, kamar yadda hoton bai goge ƙwallo 895 ba.

Wani abu ya faru a farkon 2025 da ya kamata ka jefa wa abokanka idan gardamar ta sake tashi. A daidai lokacin da Ovechkin ke dab da kamo tarihin, shi kansa Gretzky ya shiga bakin 'yan ƙasarsa saboda abotarsa da Donald Trump, wanda ke ta maganar mayar da Kanada jiha ta 51 ta Amurka. Mutumin da aka gina wa mutum-mutumi a Edmonton, aka sa wa titi sunansa, sai ga 'yan Kanada suna tambayar ina kishinsa, don me ya yi gum. Babu wanda ya ce ƙwallayensa 894 sun ragu, babu kuma wanda ya ce haka 'yan Kanada suke. Sun ware wasansa gefe, suka tuhume shi a kan abokin da ya zaɓa da shirun da ya yi. Ka tambaye su ko za su yarda a auna Ovechkin da wannan mudun, ba ƙari ba ragi. Wanda ya ce maka malalaci ne, ka tambaye shi wace kaka yake nufi, domin idan 2014 ce yana da hujja, idan 2018 ce ba shi da ita. Wanda ya ce maka ai ɗan Rasha ne, ka tambaye shi me zai ce game da Panarin.